Mutumin da Na Bari a Rijiya

Rubu'in fim nake bin gidan sinimar da ke bayan tashar mota. Ba rabi ba, rubu'i. Kashi uku na gani da idona, na huɗun aka riƙe mini, kuma mai gidan da bakinsa ya ɗauki bashin a gaban jama'a. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan. In na tayar da zancen 'ya'yana dariya suke yi, su ce, "Iya, har da fim?" Har da fim mana. Ni aka yi wa alkawari, ba su ba.

Ga yadda aka yi. Ina da cikin fari, ya fara nauyi, sai mai gidana Tela, Allah ya jiƙansa, ya rufe shago da wuri ya ce in shirya zai kai ni in ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarshen bazara ne, gari kamar bakin murhu.

A wancan zamani fim a faifai huɗu yake zuwa, kowanne cikin gwangwaninsa mai faɗi kamar babban tire. Gidajen sinima biyu ne a garin, ɗayan yana tsallaken gada, kuma fim ɗaya suke haɗuwa su yi haya. Na tsallake su ke farawa. Da sun gama faifan farko sai mai keke ya ɗaure shi a bayan kekensa ya sheƙo da shi nan, ya juya ya ɗauko na biyu, haka har huɗu. Mu da muke zaune baki buɗe ba mu sani ba, ashe duk duniyar da muke kallo a bayan keke take tahowa.

Labarin wani mai haƙar rijiya ne da matarsa, a wata ƙasa da ruwa ya ƙi sauka. Yarensu ban ji ko kalma ba. Tela ne ke fassara mini a kunne, shi ma na san ƙirƙira yake yi. Mutanen garin duk sun yi ƙaura, saura su biyu da bijimin sansu. Mijin ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, bijimin nan shi ke jan igiyar ya fito da shi. Rannan yana can ƙasa, bangon rijiya ya fara zubowa, sa ya firgita ya tsinke ya yi daji. Igiya ta tafi fuu za ta bi shi ciki, matar ta faɗa ta cafke ta da hannu biyu. Ƙafafunta na jan ƙasa, shi yana lilo a cikin duhu.

Sai allo ya yi fari fat.

Aka kunna fitilu. A waje kuwa ruwan farko ne ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Muka jira, muka jira, mai keke shiru. Samari suka fara dukan kujeru. Can sai mai sinimar ya fito gaban allo, ya cire hula ya riƙe a ƙirji ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, faifai na huɗu bai iso ba. Duk wanda ke ɗakin nan yana bina ƙarshen fim ɗin nan. Ran da ya ga dama ya zo ya karɓa."

Kowa ya watse yana tsaki. Ni na ji, na ajiye.

Ban samu na koma ba. Haihuwa ta zo, bayanta wata, bayanta wata. Tela ya ce wai shi ya koma ya gani, mutumin ya fito lafiya lau. Na ce wa ya fito da shi? Ya ce mutanen gari ne suka dawo suka kama mata igiyar. Bayan shekara na sake tambaya, ya ce wani fatake ne ya biyo da raƙumi. Wata rana kuma yayanta ne ya zo a kan doki. Na ce, "Malam, kai rijiya nawa ka gani ne?" Sai ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Ya rasu ya bar ni da 'ya'ya shida, ƙaramin yana goye. Da tallan atamfa gida-gida na raine su, kuma ko cikin barci na juya sai in tuna akwai wata baiwar Allah can riƙe da igiya, hannunta bai huta ba.

To bana idona ya fara tafiya. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke gajiya, abin da ya rage ba lalle ya kai baɗi ba. Fuskar mutum yanzu kamar an shafa mata toka nake ganinta. Jikokina da murya nake rarrabe su.

Babban jikana direban bas ne, ƙato da tumbi da 'ya'ya uku, amma ni har gobe Ango nake kiransa, shi kuma ya ce mini Amarya. Shi ya shigo yana fifita da hularsa ya ce, "Amarya, mutanenki sun tashi daga barci. Gidan sinimar nan sun buɗe kakar tsofaffin finafinai, duk bazarar nan kullum da la'asar. Har tsohon injin sun karkaɗe. Mutane na ta tururuwa, rabi don fim, rabi don sanyin ɗakin."

Na ce, "Ɗauko mini takalmina."

"Yanzu? Ko abinci ban ci ba."

"Tumbin nan zai kai ka gobe. Tashi."

Mai sinimar ya daɗe da rasuwa. 'Yarsa ce manaja yanzu, mace mai sanyin murya, sai ƙarar makullai duk inda ta gifta. Ta ba ni kujera a ofishinta, na faɗa mata abin da ya kawo ni tun daga kan ruwan sama har cire hular ubanta. Ta yi dariya, amma ba ta raini ba.

"Iya, ai wannan mai sauƙi ne. Daga yau har a gama kakar nan, duk fim ɗin da kike so ki shiga kyauta."

"'Yar nan, kin ga na yi kama da mai bara? Ba kyauta na zo nema ba. Abina na zo karɓa."

"To mene ne sunan fim ɗin?"

"Ina na sani? Na rijiya."

Ango ya ce, "Ranki ya daɗe, haka muke fama. Ni ma tana bina goyo."

Manaja ta aika aka kira mai inji, wani dattijo mai warin man keke, na sake ba da labarin. Ina kaiwa wurin da sa ya tsinke sai ya ce, "Tsaya, Iya. Matar tana da tabo a nan, gefen gira?" Na ce tana da shi. Ya ce a ɗakin ajiya akwai gwangwani uku ɗaure da igiya tun kafin a ɗauke shi aiki. Kamfanin da ke ba da haya sun ƙi karɓar fim ba cikakke ba, mai gidan ya biya su ya jefa shi can. Shi ya taɓa saka su shi kaɗai ya kalla. Na huɗun dai babu, ba a taɓa ganinsa a gidan ba.

Manaja ta ce, "Kin ji, Iya. Abin da babu, da me zan biya?"

Na ce, "A tsallake aka bar shi?"

Mai inji ya ce ai na tsallake sun rantse sun ba mai keke. Yanzu ma wurin ya zama shagon katifa.

"To ya bar can, bai iso nan ba. Ke a ganinki yana ina?"

Ni na san mai keken. Tela ne ke masa ɗinki. A daminar nan ya fara ɗingishi, ya bar ɗaukar fim ya koma faci a bakin gada har ya mutu. Ban taɓa haɗa zancen ba sai a kujerar nan: ashe faɗuwa ya yi da faifan a ruwan ranar nan.

Kafin mu tafi Ango ya ce tunda mun zo sai na shiga na sha sanyi, ya yanki tikiti biyu. Na yarda don kuɗinsa ne. Ya riƙe hannuna cikin duhu ya zaunar da ni a layin gaba. Sai haske ya keto ta saman kanmu, dogo, ƙura na iyo a cikinsa, ya je ya bugi allo.

Wayyo Allah. Fuska ce ta fito, ta wata yarinya, girmanta ya kai gaban gidanmu. Na ga idonta. Na ga gashin ido ɗaya-ɗaya, na ga ɗigon zufa a kan leɓenta yana rawa kafin ya faɗi. Ni da na yi watanni ban ga fuskar ɗan Adam sosai ba! Na damƙe hannun Ango na ce, "Kai, ina gani! Ina ganinta!" Wani a baya ya ce, "Mama, mu ma muna so mu ji." Ango kuwa hancinsa kawai na ji yana ja. Da muka fito na ce masa mura ce? Ya ce sanyin ɗakin ne.

Washegari muka nemi gidan mai keke, can bayan masu yankan katako. Matarsa na nan da rai, tsohuwa kamata, ƙafa ta hana ta fita. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar mazan da suka daɗe da zama ƙasa, sannan na tambaye ta ko marigayi ya bar wani gwangwani mai faɗi.

"Gwangwani? Na me?"

"Na ƙarfe, kamar tire biyu an kifa."

Sai ta ce, "Yaya, ko wanda nake kwance a kai?"

Ashe ƙafar gadonsu ɗaya ta karye tun suna da ƙuruciya, ya jawo abin daga bayan tukunya ya tokare. Tun da ta zo gidan ta same shi, ya ce mata kada ta buɗe, ita kuma ba ta da tambaya. A kansa ta haifi 'ya'yanta duka.

Ango ya durƙusa yana nishi ya leƙa. "Amarya, ga lamba huɗu a jiki da jan fenti."

Matar ta ce, "Ku ɗauka mana. Amma gadona fa? In kwana a karkace?"

Na ce da Ango ya je ya samo bulo. Ya kawo, bai kai ba. Ya ƙara da guntun katako, ya zarce. Tsohuwa na kwance a sama tana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi: "Ɗaga kaɗan. A'a, ka yi yawa. Wannan angon naki, Yaya, ƙarfi ne kawai." Sai da gado ya daidaita ta sakar mana gwangwanin, da sharaɗin in an gani a zo a ba ta labarin abin da ta kwana a kai.

Mai inji da guduma da man keke ya buɗe shi, tsatsa ta like bakin. Wani wari mai tsami ya tashi har na kau da kai. Ya ce ruwa ya shiga tun ranar, ta gefe ɗaya. Ya roƙi a ba shi lokaci, zai bi shi a hankali yana warwarewa yana gogewa, amma bai yi alkawarin komai ba. Na ce, "Ɗan nan, ka yi a hankali, amma ka tuna idona ba ya jira."

Duk sauran bazarar nan a layin gaba na yi ta. Na ga teku, abin da sai dai labari, ya taso kamar zai zubo mana a cinya har na ɗage ƙafa. Na ga dusar ƙanƙara na sauka a kan wani tsoho da karensa. Na ga jirgin ƙasa ya nufo ni gadan-gadan na yi salati da ƙarfi, ɗakin ya kwashe da dariya. Masu tikiti suka saba da ni, suna cewa ga mai bin bashi ta iso. Kuma kullum allon yana ƙara dushewa kaɗan ta gefe-gefe. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar rufe kaka Manaja ta sa fim ɗina. Labari ya zaga, ɗaki ya cika har da na tsaye. 'Ya'yana da ke mini dariya duk ga su a bayana da matansu. Manaja ta fito gaban allo, daidai inda ubanta ya tsaya, ta ce, "Mahaifina ya ci bashi a ɗakin nan. Cikin duk waɗanda ya yi wa alkawari, mutum ɗaya ce ta dawo. Yau za mu gwada biya."

Aka kashe fitilu.

Ga ta nan. Tabon nan a gefen gira, ɗankwalin nan mai ɗigo-ɗigo. Ni na tsufa, haƙora sun zube, na binne miji da ɗa ɗaya, ita tana nan yadda na bar ta, ko furfura ɗaya babu. Na ce a raina, sannu 'yar'uwa, na daɗe ko? Kujerar hagu inda Tela ya zauna Ango ne a kai, shi kuwa bai iya fassarar ƙarya ba, sai na yi wa kaina.

Faifai na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Bango ya zubo, sa ya tsinke, ta faɗa ta cafke igiya. Allo ya yi fari.

Ɗakin nan kaf ba mai tari. Daga sama ina jin mai inji yana taɓa ƙarafa, ƙaras, ƙaras.

Sai hoto ya dawo.

Launin duk ya koma ja kamar garwashi, ga tabon ruwa na gudu a kai ta gefe, muryoyin na shaƙewa. Amma ita ce, kuma igiyar na hannunta. Ta waiga gabas ta yi kira. Ta waiga yamma ta yi kira. Aka nuna hanya, doguwa, ba kowa sai iska. Ina ta zuba ido in ga ta inda mutanen gari za su ɓullo, ko raƙumi, ko yayan nan mai doki.

Sai na ga ta kwanta da baya, ta naɗa igiyar a ƙugunta, ta ƙulla da haƙori. Ta juya wa rijiyar baya. Ta sa hannu da gwiwa a ƙasa, a kan sawun da bijimin ya saba bi, ta fara ja. Igiya ta nutse a cikin naman ƙugunta. Ta tafi kaɗan, ta zame ta dawo. Ta sake. Fuskarta ta cika allon nan gaba ɗaya, jijiyar wuya kamar za ta tsinke, ƙasa a leɓenta, ido a buɗe ba ta ko ƙiftawa. Ban taɓa ganin abu mai girma irin wannan ba, kuma na san ba zan ƙara ba.

Ban san na yi magana a fili ba sai da na ji muryata: "Malam, ashe babu wanda ya zo."

Babbar 'yata ta ɗora hannu a kafaɗata daga baya, ta bar shi a nan.

Matar na ja, wani a tsakiyar ɗaki ya ce, "Ja, baiwar Allah!" Sai ɗakin ya ɗauka, maza da mata, har masu tikiti a bakin ƙofa: "Ja! Ja!" Ango ya miƙe tsaye da tumbinsa yana ja da iska. Aka nuna bakin rijiya. Igiya na fitowa, na fitowa. Sai hannu ya ɓullo, yatsu biyar suka kama dutsen bakin. Hannun kuwa jiƙe yake sharkaf, laka na ɗiga daga gwiwar hannu. Ya tarar da ruwa!

Daga nan hoton ya yi rawa, ya narke kamar kitse a wuta, allo ya koma fari.

Aka kunna fitilu, jama'a na ta hayaniya. Mai inji ya sauko da ragowar faifan a hannu, ɗan dunƙule kamar kwano, ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Iya, iyakar ƙoƙarina ke nan. Na cikin ya manne ya zama dutse. Ko wuƙa ba ta shiga." Ya sa mini a hannu na shafa. Da gaske ya zama dutse.

Manaja ta tsuguna ita ma, makullanta suka yi ƙara a ƙasa. "Iya, ban cika ba. Saura kaɗan, kuma ba ni da inda zan samo."

Ango ya ce, "Amarya, ki yafe mana wannan. Ai kin ga hannu."

"Hannu na gani. Na ga kansa? Na ga ta kwance igiyar nan daga ƙugunta?"

Na lalubo fuskar Manaja da hannu, tunda a hasken fitila ba na ganinta, na ce, "Ke tashi, 'yar nan. Abin da ya shigo gidanku kin ba ni duka, ubanki ya kwanta da sauƙi. Ragowar ba ke nake bi ba. Akwai wanda ya ce mini ya gani da idonsa, har sau uku. In Allah ya haɗa mu zan zaunar da shi ya ba ni daga inda hannu ya fito, kuma wannan karon kada ya kuskura ya kawo mini raƙumi."

Na miƙa wa Ango dunƙulen na ce ya riƙe da kyau, ya kawo bas. Akwai tsohuwa a bayan masu katako tana jiran labari, kuma na yi mata alkawari.